Idan Maganin Ciyawa Ya Daina Ci a Gonar Shinkafa, Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa bi ta Kura ko Kadawa ko Garun Malam a makonnin farko bayan an shuka shinkafa, ba zai rasa ganin samari goye da injin feshi suna kai da komowa a cikin fangaloli ba. Haka abin yake a fadamun Argungu da Bakolori da kwarin Haɗeja. Aikin cirar ciyawa da a da sai an tara gayya ko an ɗauki 'yan ƙwadago a shafe kwanaki ana sunkuye a cikin taɓo, yau yaro ɗaya ne yake gama shi kafin rana ta take. Wannan ci gaba ne, kuma ba na cikin masu kushe shi. Wanda bai taɓa wuni a duƙe cikin ruwan gonar shinkafa ba, shi kaɗai ne zai ce a koma jiya.

Amma akwai wata magana da nakan ji a bakin manoma, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. A wata damina na ziyarci wani kawuna da ke noman shinkafa, na tarar da shi tsaye a bakin gona ransa a ɓace. Bayan mun gaisa sai ya nuna mini ciyawa kore shar a tsakanin shuka, ya ce, “Dokta, ku da kuka yi karatun abin nan, duba mini. Yau kwana goma da feshi, ko gezau ba ta yi ba. Maganin yanzu ba ya ci. Baɗi ninka shi zan yi.” Da na shiga na duba sai na ga ciyawar ta riga ta yi rassa daga gindi, ta kusa kai gwiwa, watau makara aka yi wajen feshin. Na gaya masa haka cikin ladabi, ya kuwa yarda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shawarar da ya yanke tun kafin ya san musabbabin matsalar, ta sake sayen wannan magani dai, a ƙara masa yawa. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a nan, shi ne cewa maganin ciyawa makami ne mai dakushewa, kuma manomin da ya dogara da iri ɗaya shekara da shekaru, da hannunsa yake renon ciyawar da wata rana za ta gagare shi. Wannan ya riga ya faru ga manoman da suka fi mu kuɗi da kayan aiki, kamar yadda mai karatu zai gani.

Yaya magani yake bambanta shinkafa da ciyawa?

Magungunan kashe ciyawa da ake amfani da su a gonar shinkafa sun kasu gida biyu dangane da lokacin fesa su. Akwai na kafin tsiro, irin su butachlor da pendimethalin, waɗanda ake fesawa a kan damshin ƙasa domin su kama ciyawa tun tana ƙoƙarin fasa ƙwayarta. Akwai kuma na bayan tsiro, waɗanda ake fesawa a kan ganye bayan ciyawa da shinkafa duk sun fito. Na biyun su ne abin maganarmu, kuma su manoma suka fi so, saboda mutum yana ganin abokin gabansa da idonsa kafin ya kashe kuɗinsa.

To, a nan ɗalibi mai tunani zai yi tambaya. Yawancin ciyayin da suka fi addabar shinkafa danginta ne. Ciyawar da masana ke kira Echinochloa colona, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake ce wa sabe, da 'yar'uwarta Echinochloa crus-galli, gidansu ɗaya da shinkafa da gero da dawa a rabe-raben tsirrai. Ta yaya ruwan magani ɗaya zai sauka a kan ganyen shinkafa da na sabe, ɗaya ta mutu ɗaya ta rayu?

Mu ɗauki propanil, wanda aka fara amfani da shi a gonakin shinkafa tun farkon shekarun 1960, kuma har yau yana cikin galan-galan da ake sayarwa a kasuwanninmu, sau da yawa a gauraye da 2,4-D. Aikinsa shi ne toshe hanyar da ganye ke bi ya sarrafa hasken rana domin haɗa abinci. Idan hanyar ta toshe, ƙarfin hasken da ganyen ya kama sai ya rasa mafita, ya koma yana lalata ƙwayoyin halittar ganyen, cikin 'yan kwanaki a ga ya ƙone ya bushe. Shinkafa ma maganin yana shiga jikinta. Abin da ya cece ta shi ne wani inzayim, watau sinadarin da jikin mai rai ke ƙerawa domin gaggauta wani aiki, mai suna aryl acylamidase. Ganyen shinkafa yana da shi da yawa, kuma da zarar propanil ya shigo sai ya raba shi gida biyu, ya bar shi ba dafi. Sabe tana da wannan inzayim, amma ɗan kaɗan, don haka maganin yake cin ƙarfinta kafin ta warware shi. Ashe ke nan tazarar da ke tsakanin rayuwa da mutuwa a nan ba ta wuce yawa ko ƙarancin sinadari guda ba.

Wannan bayani yana da wani amfani na nan take. Magungunan ƙwari na dangin organophosphate da carbamate, irin su malathion da carbaryl, suna daƙile wannan inzayim. Manomin da ya zuba maganin ƙwari irin wannan cikin inji ɗaya da propanil domin ya huta da feshi biyu, ko ya fesa su kusa da juna, ya kwance wa shinkafarsa sulke, sai ta ƙone tare da ciyawar. Shi ya sa takardar jikin galan take gargaɗin a bar tazara, galibi ta kamar mako biyu.

Abin da ya faru a Arkansas da sauran wurare

Jihar Arkansas ita ce kan gaba wajen noman shinkafa a Amurka. Manomanta sun rungumi propanil hannu bibbiyu, suka yi ta fesa shi kowace shekara, wani lokaci sau biyu ko fiye a damina guda, har kusan shekara 30. A shekarar 1990 aka tabbatar da cewa akwai Echinochloa crus-galli da ba ta mutuwa da shi. Da masana suka bincika jikinta, sai suka tarar tana ƙera aryl acylamidase fiye da sauran 'yan'uwanta, watau ta sami irin sulken shinkafa. Tun kafin wannan, a 1987, an ga haka ga Echinochloa colona a ƙasar Kosta Rika, sannan a Kolombiya a 1988. Ina so mai karatu ya lura cewa wannan ta biyun ita ce sabe ɗin da ke cikin fadamunmu.

Me manoman Arkansas suka yi? Abin da kowa zai yi, suka koma wa sabon magani. A 1992 quinclorac ya shigo, aka yi ta murna. A 1999 aka sami ciyawar da ta bijire masa. Aka karkata ga clomazone da wasu magunguna na dangin da ake kira masu toshe ALS, waɗanda zan yi bayaninsu nan gaba, kafin shekarar 2010 su ma an sami ciyawar da ta fi ƙarfinsu. Yau akwai gonaki a can da ciyawa guda take jure wa magunguna na dangi uku ko huɗu a lokaci ɗaya. A Kalifoniya abin ya fi haka sauri. An fara amfani da bensulfuron a 1989, zuwa 1993 an riga an sami Cyperus difformis, wata 'yar'uwar aya-aya da mu ma muke da ita a gonakin ruwa, wadda ba ta jin sa. Shekara huɗu kacal.

Labarin da ya fi ba ni tsoro shi ne na jar shinkafa mai zuba, wadda take tsirowa a matsayin ciyawa a cikin shinkafar noma. Da yake jinsinsu ɗaya, duk maganin da zai kashe ta zai kashe amfanin gona. Masana a Jami'ar Jihar Luwiziyana suka samar da wani irin shinkafa mai jure maganin imazethapyr, aka fito da shi kasuwa a farkon shekarun 2000 da sunan Clearfield. Dabara ce mai kyau: a fesa maganin, jar shinkafa ta mutu, ta noma ta tsaya. Sai dai a inda aka yi ta maimaita shi ba hutu, 'yan tsirarun jar shinkafar da suka tsira sun yi barbara da ta noma ta hanyar garin fure, suka gaji juriyar. Malesiya ta karɓi wannan tsari a 2010, cikin 'yan shekaru ita ma ta fara kuka da abu guda. Mu da muke da shinkafar daji a fadamunmu, irin su Oryza barthii da Oryza longistaminata, ya kamata mu ajiye wannan labari a inda ba za mu manta ba.

A duniya baki ɗaya, nau'o'in ciyawa da aka tabbatar sun bijire wa wani magani sun haura 260. Kuma kada a ɗauka kamfanoni za su ci gaba da ƙirƙiro sabo duk lokacin da tsoho ya gaza. Daga shekarun 1980 an shafe kimanin shekara 30 ba a fito da maganin da ke kashe ciyawa ta wata sabuwar hanya ba. Sunaye sababbi sun yi ta fitowa, amma hanyoyin kisan na da ne.

Ciyawa ba ta “sabawa” da magani

Sau da yawa nakan ji ana cewa ciyawa ta saba da magani, kamar yadda mutum yake sabawa da yaji. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ina roƙon malamai 'yan'uwana su gyara ta a aji, domin daga gare ta ne shawarar ninka magani take fitowa. Tsiron da aka fesa wa magani bai koyi kome ba. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin miliyoyin ƙwayoyin irin ciyawa da ke kwance a ƙasar gona, ba a rasa ɗaya ko biyu da suka zo da wani ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu tun kafin a taɓa kawo magani garin. Muddin ba a yi feshi ba, wannan bambanci ba ya ba su wani fifiko. Ranar da aka yi feshi kuwa, sai a share musu fage: 'yan'uwansu su mutu, su su sami rana da ruwa da taki, su zuba iri dubbai. Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya bayyana a 1859, na yadda yanayi yake tace masu rai ya bar waɗanda suka dace da shi, sai dai a nan injin feshi ne rariyar.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali, wanda ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya bi. A ce a cikin gona akwai sabe miliyan ɗaya masu jin magani da guda ɗaya tak mai bijirewa. A ce maganin yana kashe 99 cikin 100 na masu jin sa. Bayan feshin farko saura 10,000 da waccan guda ɗaya. Idan kowace ta zuba iri daidai da 'yar'uwarta, a shuka ta gaba mai bijirewa ta zama ɗaya cikin 10,000. Manomi bai ga kome ba, gona fes. Bayan feshi na biyu ta zama ɗaya cikin 100. Har yanzu yana yaba maganin, yana ma tallata shi ga maƙwabta. Bayan na uku sun yi kunnen doki, rabi da rabi, sai a wayi gari ana cewa an kawo jabu. A gona ta gaskiya abin bai kai haka gudu ba, domin tsofaffin ƙwayoyin iri da ke barci a ƙasa suna ci gaba da tsirowa suna tsarma lissafin. Amma darasin yana nan: shekarun da manomi yake ganin kome lafiya, su ne shekarun da matsalar take ninkuwa a ɓoye. Kuma a wuraren noman rani, inda ake shinkafa sau biyu a shekara a fangali ɗaya, agogon yana gudu ninki biyu.

Ninka magani ba ya warware wannan. Idan bambancin da ciyawar ta gada ya sauya siffar gurbin da maganin yake kamawa ne, to ko an ninka sau goma ba zai kama ba, kamar mabuɗin da aka sauya wa kwaɗo. Abin da za a samu shi ne ƙonewar shinkafa da asarar kuɗi da gurɓata ruwan da mutane da dabbobi da kifi suke amfani da shi a ƙasan magudana. Rage magani kuma, wanda shi ne ya fi yawa a wurinmu saboda tsada, yana da nasa sharrin. A 2005 Paul Neve da Stephen Powles sun nuna a Ostireliya cewa idan aka yi ta fesa wa ciyawar Lolium rigidum magani ƙasa da ƙima, cikin zuriya uku kacal ana samun jikokin da ke jure wa cikakken awo. Dalili kuwa shi ne ƙaramin awo yana barin masu 'yar juriya kaɗan-kaɗan su rayu, su yi barbara da juna, 'ya'yansu su tattara abin da iyaye suka rarraba. Manomin da ya raba litar kadada ɗaya ga kadada biyu yana ganin ya yi tsimi, alhali makaranta ya buɗe wa ciyawa.

Suna daban, dangi ɗaya

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a riƙa sauya magani. Shawara ce mai kyau, amma yadda ake aiwatar da ita ne abin dubawa. Manomi yakan je kasuwa ya ce wa mai shago na bara bai yi ba, a ba shi wani. Sai a miƙo masa galan mai wani launi da wani suna da hoton wata dabba mai ban tsoro, ya koma gida da zaton ya sauya, alhali sinadarin da ke ciki shi ne na bara. Ko kuma sinadarin ya bambanta amma danginsu ɗaya. Alal misali bispyribac-sodium da penoxsulam da bensulfuron da pyrazosulfuron, duk wuri ɗaya suke sara. Suna toshe inzayim ɗin ALS, wanda tsiro ke bukata domin ƙera uku daga cikin tubalan gina furotin, watau valine da leucine da isoleucine. Sauyi guda a ƙwayar gadon wannan inzayim yakan isa ya kare ciyawa daga da yawa daga cikinsu a lokaci ɗaya, kuma wannan dangi shi ne ya fi kowane yawan ciyayin da suka bijire masa a duniya. Manoma suna son su domin 'yan cokula kaɗan suke isar gona, amma su ne suka fi saurin dakushewa.

Saboda haka ne masana suka ba kowane dangi lamba. Masu toshe ALS su ne rukuni na 2. Cyhalofop da fenoxaprop, masu hana ciyawa mai siririn ganye ƙera maiƙon jikinta, rukuni na 1. Shi 2,4-D, wanda yake kwaikwayon sinadarin girma ya sa tsiro ya yi ta murɗewa har ya mutu, rukuni na 4. Propanil yana rukuni na 5 a tsarin da aka daidaita a 2020, pendimethalin na 3, butachlor na 15. A ganina ya dace hukumar NAFDAC, wadda ita ke yi wa waɗannan magunguna rajista, ta wajabta buga wannan lamba da manyan haruffa a gaban kowane galan, tare da bayani da Hausa, a boko da ajami. Manomin da ba zai iya furta bispyribac ba, zai iya gane cewa bara ya sayi mai lamba 2, bana sai ya nemi wata lamba.

Akwai wani ruɗu kuma game da gauraye. Gaskiya ne haɗa magunguna biyu na dangi daban yana jinkirta bijirewa, domin da wuya a sami tsiro guda da ya gaji kariya biyu a lokaci ɗaya. Amma sharaɗin shi ne kowane ɗaya daga cikin biyun ya zama yana iya kashe wannan ciyawar shi kaɗai. Haɗin propanil da 2,4-D da muka saba da shi bai cika wannan sharaɗi a kan sabe ba, domin 2,4-D na masu faɗin ganye ne da dangin aya-aya, ba ya taɓa ta. A wurin sabe, manomin da ya shekara goma yana fesa wannan haɗi, propanil tsura ya shekara goma yana fesawa.

Abin da nake ganin ya kamata

Maganin bayan tsiro ya kamata ya zama mai share abin da ya rage, bayan an riga an rage yawan ciyawar ta wasu hanyoyi. Lissafinmu na baya ya nuna dalili: idan sabe dubu goma ce ta fuskanci feshi maimakon miliyan, zai yi wuya a sami mai bijirewa a cikinsu. Hanyoyin kuwa ba baƙi ba ne. A daidaita fangali ya kwanta sosai domin ruwa ya rufe ko'ina, saboda ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10 yana hana yawancin ciyayi masu siririn ganye tsirowa, kuma duk tudun da ya leƙo a tsakiyar fangali gandun sabe ne. A ba gona ruwa kafin shuka, a bar ciyawa ta fito, a kashe ta, sannan a shuka. A yi dashe a layi inda hali ya yi, domin dashen da ya yi mako uku ya riga ya tsere wa ciyawar da za ta fara daga ƙwaya. A nemi iri mai tsabta, ko FARO 44 ne ko waninsa, domin sau da yawa manomi da kansa yake shuka ciyawa tare da irin da ya ɗebo daga masussuka. A sa maganin kafin tsiro, wanda danginsa ya bambanta da na bayan tsiro. Inda ruwa da ƙasa suka ba da dama, a riƙa hutar da fangali daga shinkafa a sa alkama ko albasa ko masara.

Idan lokacin feshin ya zo, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabe tana da ganye biyu zuwa huɗu ake kama ta. Propanil ba ya yawo a jikin tsiro, inda ya taɓa nan yake ƙonawa, don haka sai an janye ruwa ciyawar ta bayyana, a jiƙa ganyen sosai, a sami sa'o'i da dama ba ruwan sama, sannan a mayar da ruwa bayan kwana ɗaya zuwa uku domin a danne masu shirin fitowa. A auna gona, a auna abin da inji yake fitarwa, a bi awon da aka rubuta, a bar aune da murfin galan bisa ƙiyasi. Shi kuma 2,4-D a kiyaye shi da iska, domin ɗan tururinsa ya isa ya murɗe tumatirin maƙwabci, kuma injin da aka fesa shi da shi ba ya wankuwa da sauƙi. Mai feshi ya rufe jikinsa da hancinsa, ya sa takalmin roba. Nakan ga yara suna feshi da singileti ba takalmi, suna gauraya magani da hannu, abin yana damuna ƙwarai.

Sai kuma mataki na ƙarshe, wanda shi ne mafi arha kuma shi aka fi watsi da shi. Mako biyu bayan feshi a zaga gona, duk sabe da aka gani a raye a tumɓuke ta da hannu kafin ta fitar da kai, a fitar da ita daga gonar. Waccan guda ɗaya cikin miliyan, idan ba ta zuba iri ba, labarinta ya ƙare a nan. Ana iya bambanta ta da shinkafa tun suna ƙanana: a ja ganye a duba inda ya haɗu da kara. Shinkafa tana da wani ɗan farin harshe a wurin, da 'yan kunnuwa biyu masu gashi da suka rungumi karan. Sabe ba ta da ko ɗaya, wurin sumul yake. Sai dai kada a ɗauka hannu ma ba a iya yaudararsa. A gonakin Asiya, inda aka yi dubban shekaru ana cirar ciyawa da hannu, an sami nau'in Echinochloa da suka koma kama da shinkafa ƙwarai a tsayi da launi da tsayuwar ganye, saboda duk wadda ta bambanta an cire ta, mai kama ta tsira. Masana suna kiran wannan kwaikwayo da sunan Nikolai Vavilov, masanin tsirrai na ƙasar Rasha. Duk dabarar da aka maimaita ita kaɗai, ko ta sinadari ko ta hannu, rariya ce.

Aikin da makaranta za ta iya yi

Yawancin ɗaliban da za su karanta wannan mujalla a Kano da Kebbi da Jigawa da Zamfara 'ya'yan manoma ne, kuma sau da yawa su ake miƙa wa galan a ce su karanta. Ina ba su shawara su buɗe wa gonar gidansu littafi: kwanan watan feshi, sunan sinadarin da ke rubuce da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa, awon da aka zuba, yawan ganyen ciyawa a ranar, da abin da aka gani bayan mako biyu. Da wannan littafi za a iya raba makara da jabu da bijirewa. Idan kowace irin ciyawa ta tsira a ko'ina cikin gona, a tuhumi maganin ko lokacin ko awon ko ruwan sama. Idan kuwa sauran ciyayi sun mutu, nau'i ɗaya ya tsaya a wani kushe-kushe, ga matacciya ga rayayya gefe da gefe masu girma ɗaya, kuma littafi ya nuna dangi ɗaya ake fesawa shekaru, to akwai dalilin zargi.

Malamin nazarin halittu ko na aikin gona zai iya gwada zargin a harabar makaranta da gwangwanaye ashirin. A tattaro nunannun ƙwayoyin sabe daga inda ake zargi, a tattaro wasu daga bakin wani tafki da ba a taɓa yi wa feshi ba. A shanya su a ajiye wata biyu ko uku a busasshen wuri, domin sabuwar ƙwaya takan yi barci ta ƙi tsirowa. A shuka kowane kashi a gwangwani goma, a rage tsiron ya zama biyar-biyar. Idan sun kai ganye uku, malam da kansa, ba ɗalibai ba, ya fesa wa gwangwani biyar na kowane kashi awon da takarda ta faɗa, a bar biyar-biyar ba feshi domin kwatanci. Bayan mako uku a ƙirga masu rai. Idan na bakin tafki sun mutu na gona sun tsaya, a rubuta sakamakon a kai wa malamin gona na yankin tare da sauran ƙwayoyin, domin ya isar da su ga masu bincike a Badeggi ko Samaru, waɗanda suke da kayan aikin tabbatarwa. Tsirran da suka tsira a gwangwani kuma a ƙone su kafin su fitar da kai.